Tarihin Kalmar "Alheri" a Bakin Kiristocin Bauchi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwannin Yalwa da ke birnin Bauchi ranar Lahadi da hantsi zai ji wa'azi da waƙe-waƙe da harshen Hausa suna fitowa daga majami'u da dama, kuma da wuya ya yi nisa bai ji kalmar alheri ba. Da ita ake fara addu'ar da ake sallamar jama'a da ita bayan sujada, ita ce kan maganar wa'azin jana'iza, kuma ta zama sunan yanka na mata da yawa. Galibin masu furta ta a waɗannan wurare Sayawa ne da Jarawa da Angasawa da Tangalawa da sauran al'ummomin da Hausa ta zame musu harshe na biyu, ko kuma ta zama harshen farko ga 'ya'yansu. Abin da suke nufi da ita shi ne tagomashin da Allah yake yi wa ɗan Adam ba tare da ya cancanta ba, wanda a aƙidarsu ya ishi mai bi ga dukkan buƙatun ruhinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda wannan kalma ta Hausar yau da kullum ta ɗauki wannan nauyi na aƙida, da hanyar da ta bi ta iso ƙasar Bauchi. Za a nuna cewa an ɗora aƙidar kyautar da ba a iya ramawa a kan kalmar da a al'adar Bahaushe ramuwa take jira, kuma wannan saɓani shi ne ya yi ta juya ma'anar kalmar a bakin masu bi tun daga 1932.

2.0 Alheri a Hausar Yau da Kullum

Alheri kalma ce ta aro daga Larabci, wato al-khair, kuma ta shigo Hausa tare da harafin ta'arifinta kamar yadda albarka da alƙali da aljihu suka shigo. Ta daɗe da zama 'yar gida, har ta shiga gaisuwa: idan aka ce "ina labari?" amsar ita ce "sai alheri". Ana yi wa mutum fatan alheri, ana roƙon Allah ya saka masa da alheri, kuma idan aka ce wane ya yi wa wane alheri, ana nufin ya ba shi wani abin hannu, kuɗi ko sutura ko hatsi.

Karin maganar Hausa ya fito da yadda Bahaushe ya ɗauki abin. An ce "alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza", an kuma ce "alheri gadon barci ne". Duka biyun suna kallon alheri a matsayin ajiya, wato abin da mutum ya shuka yana sa ran girbe shi ko ba jima ko ba daɗe, ko a nan duniya ko a lahira. Haka kuma zaman jama'a ya tafi a kan wannan tsari. Gudummawar da aka kai wa mace ranar bikinta bashi ce da za ta mayar, wanda ya kawo saƙon kyauta yana da tukuici, bara kuwa yana rama alherin ubangidansa da biyayya da hidima. Wanda ya ci alheri ya manta, sunansa butulu, kuma kaɗan ne daga cikin zagin Hausa suka fi wannan ciwo. Ke nan alherin Bahaushe yana ƙulla igiya tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, kuma igiyar tana da nauyi a kan mai karɓa.

3.0 Aƙidar a Tarihin Kiristanci

Kalmar da aka fassara da alheri ita ce karis ta Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kuma ta fi yawa a wasiƙun Manzo Bulus. Wurare biyu ne aka fi kafa hujja da su. Na farko shi ne sura ta 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, inda ya nuna cewa ceto baiwa ce daga Allah wadda aikin mutum ba ya saye. Na biyu shi ne sura ta 12 ta wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, inda ya ba da labarin wata lalura da ya kwatanta da ƙaya a jikinsa. Ya ce sau uku yana roƙo a cire masa ita, ba a cire ba, sai dai aka amsa masa da cewa alherin da aka ba shi ya wadatar. Daga nan ne maganar isar alheri ta samo tushe.

Malaman Kirista sun daɗe suna jayayya a kan iyakar wannan magana. A farkon ƙarni na 5 Agustin, bishop na garin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi tsayin daka cewa ɗan Adam ba ya iya ko da fara nufin kirki sai da taimakon Allah, alhali Felajiyus yana ganin mutum na da ikon bin umarnin Allah da ƙoƙarinsa. Taron malamai na Kartaj a 418 ya goyi bayan Agustin. Bayan shekara dubu da ɗari, a 1517, Martin Luther ya sake tayar da maganar a Jamus, kuma "alheri kaɗai" ya zama ɗaya daga cikin taken 'yan Furotesta. Cocin Katolika ya ba da tasa amsar a taron Trent a 1547, inda ya tabbatar da cewa alheri ne mafari, amma dole mutum ya ba shi haɗin kai da aiki. Sai a 1999 ne ɓangaren Katolika da na mabiya Luther suka sa hannu a kan wata sanarwar haɗin gwiwa a birnin Augsburg game da wannan batu. Muhimmancin wannan tarihi ga Bauchi shi ne cewa ƙungiyoyin mishan da suka fara aiki a lardin 'yan Furotesta ne masu riƙe da "alheri kaɗai" da ƙarfi.

4.0 Masu Fassara da Zaɓen Kalma

Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ta fara ne da J. F. Schön, Bajamushen da ya yi wa ƙungiyar CMS ta Ingila aiki, wanda ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841. Ya wallafa wasu sassan Sabon Alkawari a 1857, ya ci gaba da aikin har zuwa 1880, kuma ya dogara ƙwarai da Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Wannan fassara ba ta yaɗu a ƙasar Hausa ba. Wadda ta kafu ita ce ta Dokta Walter Miller, shi ma na CMS, wanda yake cikin ayarin Bishop Tugwell da Sarkin Kano Alu ya sallama daga Kano a 1900, ya kuma zauna a birnin Zariya daga 1905. Da taimakon Hausawan da ke tare da shi da wakilan wasu ƙungiyoyi, ciki har da Dokta Stirrett na SIM, aka kammala cikakken Littafi Mai Tsarki aka buga shi da boko a 1932.

Masu wannan aiki suna da kalmomi da dama a gabansu, kuma kowace tana da nata kaya. Fassarar Larabci ta Van Dyck, wadda aka kammala a 1865, ta yi amfani da ni'ima a gurbin karis. To amma ni'ima a Hausa ta karkata ga yalwa da danshi da jin daɗi, kamar a ce ƙasa mai ni'ima ko ni'imar Aljanna, don haka tana nuna sakamakon da aka samu fiye da halin mai bayarwa. Rahama ta fi kusa da tausayi ga wanda ke cikin ƙunci ko wanda ya rasu, kuma an riga an tanadi jinƙai domin wannan ma'ana. Falala kuwa a bakin malamai tana tafiya da lada, kamar falalar azumi ko falalar salla cikin jam'i, wato tana jingine da aikin da mutum ya yi, abin da masu fassarar ke son kauce wa. Alheri ce kaɗai ta haɗa abubuwa uku: halin mai bayarwa, da abin da aka bayar, da kuma kasancewarta kalmar da ɗan kasuwa da manomi da mace a cikin gida duk suka sani. Sabuwar fassarar da ta fito wajen 1980 ta sauya abubuwa da yawa, har ta mayar da Kristi zuwa Almasihu, amma ta bar alheri a inda take.

Irin wannan zaɓe ya shafi wasu kalmomin da ke kewaye da ita. An ɗauki bangaskiya, wadda aka gina daga "ba da gaskiya", a inda Musulmi zai ce imani. An ɗauki ceto, wadda a wurin Musulmi ta fi nufin ceton da Annabi (SAW) zai yi ranar ƙiyama, aka ba ta ma'anar kuɓuta daga zunubi tun a duniya. An kuma ɗauki fansa, wadda a lokacin kowa ya san ta da ma'anar biyan dukiya domin a 'yanta wanda aka kama bauta.

5.0 Yadda Kalmar Ta Iso Bauchi

Malam Yakubu, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Bauchi a 1809, a tsakiyar ƙasa mai harsuna da yawa. A cikin ƙarni na 19 Hausa ta zama harshen mulki da kasuwa a masarautar, yayin da al'ummomin kudancinta suka ci gaba da harsunansu da addininsu na gargajiya, wasu suna biyan haraji, wasu kuma suna fama da hare-haren neman bayi. Turawan Ingila sun ci Bauchi a watan Fabrairu na 1902. Saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna na rashin tsoma baki a addini, gwamnatin mulkin mallaka ta hana 'yan mishan kafa tasha a garuruwan Musulmi. Wannan ya sa bishara ta kewaye birnin Bauchi na tsawon shekaru kafin ta shige shi.

A wancan lokaci Lardin Bauchi ya haɗa da ƙasar Jos, har zuwa 1926 da aka yanke Lardin Filato, ya kuma haɗa da ƙasar Gombe. An buɗe tashar Panyam a 1907 da ta Kabwir a cikin Angasawa a 1910, dukansu a ƙarƙashin CMS, kafin a miƙa su ga SUM a 1930. Ƙungiyar SIM ta buɗe Kaltungo a ƙasar Tangale a 1917, ta kuma yi aiki a cikin Jarawa, SUM kuwa ta shiga ƙasar Sayawa. Ko da yake an fassara wasu sassan Littafi zuwa harsuna kamar Angas da Tangale, yawan harsunan ya fi ƙarfin ma'aikatan, sai ƙungiyoyin suka mayar da Hausa harshen horar da masu bishara. Makarantar Gindiri da SUM ta buɗe a 1934, shekara biyu bayan fitowar Littafi Mai Tsarki, da Hausa take koyarwa, haka ma makarantar SIM ta Kagoro. Ta haka ne Basayi da Bajari suka karɓi sabon addini da harshen masarautar da kakanninsu suka yi zaman ɗar-ɗar da ita. Ga mutanen da suka san dangin da aka kama aka kuma fanso, kalmar fansa ba ta buƙaci dogon sharhi ba.

Ekklesiyoyin da suka fito daga wannan aiki sun tsaya da ƙafarsu a tsakiyar shekarun 1950: ECWA daga SIM a 1954, sai kuma tarayyar ekklesiyoyin da suka fito daga SUM a 1955, wadda aka sani da TEKAS, daga baya TEKAN, wadda COCIN take cikinta. Isowar jirgin ƙasa Bauchi a 1961, da mayar da birnin hedikwatar jiha a 1976, su suka jawo 'ya'yan waɗannan ekklesiyoyi zuwa cikin gari domin aikin gwamnati da karatu da sana'a. Ɗarikar Angalika ta kafa dayosis na Bauchi a 1990, Katolika kuma ta ware yankin Bauchi a 1996, ya zama cikakken dayosis a 2003.

6.0 Bayara da Ciwon da Bai Warke Ba

Hanya ɗaya da gwamnati ta buɗe wa 'yan mishan a cikin masarautu ita ce jinyar kutare. Wajen 1937 hukumomin gargajiya na Kano da Katsina da Sakkwato suka miƙa wa SIM kula da sansanoninsu na kutare, kuma ita ce ta riƙe na Bauchi da ke Bayara, kusa da birni. A irin waɗannan wurare ne labarin ƙayar Bulus ya sami masu sauraron da ya fi dacewa da su. Kafin ƙarshen shekarun 1940 maganin da ake da shi allurar wani mai ne da ake samu daga 'ya'yan itacen ƙasar Indiya, mai zafi, wanda amfaninsa kaɗan ne. Ƙwayar dafson da ta zo bayansa tana kashe ƙwayar cutar, amma sai an shekara da shekaru ana sha, kuma ba ta mayar da yatsun da suka riga suka gutsure.

Majinyacin da ya zauna a irin wannan sansani yana cikin wani hali mai sarƙaƙiya ta fuskar wannan kalma. A gefe guda ana koya masa cewa alherin Allah kyauta ne, ba a saye, ba a ramawa, kuma ya isa ko da jiki bai warke ba. A ɗaya gefen yana karɓar magani da gona da karatun 'ya'yansa daga hannun mutanen da ke koya masa wannan, kuma tarbiyyar da ya tashi da ita ta gaya masa cewa wanda ya yi maka alheri yana da hakki a kanka. Wannan ne ya sa sarakuna da malamai suka riƙa zargin cewa ana sayen addinin marasa lafiya da magani, su kuma 'yan mishan suna ganin aikin jinƙai kawai suke yi. Ɓangarorin biyu suna kallon abu ɗaya, kowa da ma'anar alherin da ya sani.

7.0 Kalmar "Isa" da Iyakarta

Rabin aƙidar yana cikin aikatau isa, wanda a Hausa yake nufin kaiwa wuri, da wadatarwa, da kuma cikar iko, kamar a ce wane isasshe ne. Ga masu bi na farko a ƙasar Bauchi, cewa alheri ya isa yana da fassara a aikace: mutum ya kwance layu da guraye, ya daina kai kaza ko akuya wurin tsafi, ya bar zuwa wurin boka idan yaro ya yi zazzaɓi ko damina ta yi gardama. Wanda ya yi haka ya rabu da kariyar da danginsa suka dogara da ita, wani lokaci ma ya rabu da dangin. Ke nan maganar tana da tsada a wurinsu.

Sai dai ekklesiyar da ta koyar da cewa aiki ba ya ceto ita ce kuma ta kafa dokoki masu tsauri. Mai neman baftisma yakan daɗe a aji ana lura da halinsa, sau da yawa sai ya koyi karatu. Shan burkutu ko ƙara mata ta biyu na jawo horo, wato a hana mutum cin jibin Ubangiji har sai ya tuba a gaban jama'a. Malaman ekklesiya suna bayyana wannan da cewa aikin kirki 'ya'yan alheri ne, godiya ce ga abin da aka riga aka samu. Idan aka lura, wannan bayani ya dawo da kalmar kusa da gidanta na asali, domin godiyar da ake nunawa da biyayya ita ce dai abin da Bahaushe ke tsammani daga wanda aka yi wa alheri. Bambancin da ya rage shi ne cewa a aƙidar masu bi biyayyar ba ta biyan bashin, kuma ba ita ta jawo kyautar ba. Waƙoƙin ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na Sabon Rai Don Kowa, shirin bishara da aka fara a 1963, sun ƙara kafa wannan fahimta a cikin jama'ar da ba ta karanta littattafan tauhidi.

Daga shekarun 1970 zuwa 1980 sababbin majami'un Fentikos, waɗanda galibi da Ingilishi suke wa'azi, suka zo da wani nauyin dabam, inda ake auna tagomashin Allah da warkewa da buɗi da cin nasara. A nan ma'anar ta matsa kusa da ni'imar da fassarar 1932 ta bari, ta kuma yi nisa da labarin mutumin da ya roƙa sau uku ba a cire masa ƙayarsa ba.

Ya kamata a ƙara da cewa maƙwabcinsu Musulmi ba baƙo ba ne ga tunanin isar Allah. Yana da tawakkali, ya kuma yarda cewa aikin bawa shi kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Ubangiji, ko da yake bai yarda da hanyar fansa da Kirista ya ɗora alherin a kanta ba. Haka nan duk mai jin Hausa, ko wane addini yake bi, ya san "Allah ya isa", kalmar wanda aka zalunta ya rasa mai bi masa hakki. A birnin da ya ga rikicin watan Afrilu na 1991, wanda ya faro daga Tafawa Ɓalewa ya kuma ci rayuka da dukiyoyin ɓangarorin biyu, waɗannan jimloli biyu masu aikatau ɗaya suna iya fitowa daga baki ɗaya a rana ɗaya: ɗaya tana miƙa ƙara ga Allah, ɗayar tana neman ƙarfin jure abin da ba a kawar ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda kalmar da Hausa ta aro daga Larabci ta zauna cikin gaisuwa da karin magana da ma'anar kyautar da ke jiran ramuwa, da yadda fassarar 1932 ta ɗora mata ma'anar kyautar da ba a iya ramawa, sa'an nan makarantun Gindiri da Kagoro da sansanin Bayara suka kai wannan ma'ana ga al'ummomin ƙasar Bauchi. Tsohuwar ma'anar ba ta gushe ba, ta ci gaba da jan sabuwar zuwa gare ta ta hanyar godiya da biyayya. Abin da wannan ke nuna wa masu nazarin harshe shi ne cewa Hausar majami'a wani rukuni ne na Hausa mai tarihin da ya haura shekara 90 a rubuce, mai nasa kalmomi irin su alheri da ceto da fansa da bangaskiya da horo da zumunta, waɗanda siffarsu ɗaya da ta Hausar kowa amma ma'anarsu ta rabu. Ƙamus ko nazarin ma'ana da ya tsaya ga Hausar Kano da Sakkwato kaɗai zai bar wannan rukuni a waje. Aikin da ke gaba shi ne tattara waɗannan kalmomi daga bakin dattawan ekklesiya a Bauchi da Tafawa Ɓalewa da Kaltungo, a kwatanta su da fassarar 1932 da ta 1980, tun waɗanda suka yi karatu da tsohuwar fassarar suna raye.